Hancin Gidanmu Zai Hau Jirgi

Unguwar Ɗan Iya,
Bauchi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tun da sunan mahaifiyata kika ci, bakina kuma har yau bai iya kama sunan nan ba. Ban san inda za ki buɗe takardar nan ba, ko a motar Kano, ko cikin jirgi, ko sai kin sauke kaya a Alƙahira. Ko'ina ne, Allah Ya sa ta same ki lafiya. Allah Ya tsare miki hanya ta ƙasa da ta sama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki.

Na san za ki yi dariya, muna gida ɗaya amma na zauna ina rubuta miki wasiƙa kamar wanda yake Ikko. To, ke ma kin san halin ubanki. Duk ranar da na buɗe baki zan yi miki maganar kirki, tsokana ce take riga fitowa, ke ki ɓata rai, mamanku ta ce in tashi in tafi kasuwa. Takarda kuwa ba ta ganin fuskarki, don haka yau sai na kai ƙarshen zancena.

Uwata, murna ta hana ni zama! Tun ranar da kika samu gurbin ƙarin karatun haɗa magunguna a Masar, babu wanda ya shigo shagona a kasuwar Wunti ya fita bai ji labari ba. Har wanda ya zo a ɗaure masa ƙusar tabarau kawai, sai na zaunar da shi ya ji cewa 'yar Sule mai tabarau za ta hau jirgi. Sannan ga murna ta biyu, wadda in gaya miki gaskiya ta fi ta farkon shiga raina: kafin ki fara karatun za a yi miki aikin hancin nan. Tun ranar da keken haya ya kife da ku kika bugi ƙarfe, karan hancinki ya karkace, ƙofa ɗaya ta toshe, ban ƙara jin daɗin kallonki kina cin abinci ba. Ki kai loma, ki tsaya ki ja numfashi ta baki, ki kai loma. Yanzu kuwa za a buɗe! Ina tuna ranar da za ki dawo ki tsaya tun daga zaure ki ce, "Mama, yau miyar kuka aka yi," sai in ji kamar in tashi in taka rawa a gaban kwastomomi.

Amma ke yarinya ce mai gaskiya, ba ki ɓoye mini ba. Kin ce, "Baba, ba numfashi kaɗai ba ne. Tun da za a taɓa shi, ina so a rage shi." Na ce na yarda, kuma har yanzu ina kan bakana. Sai likitan ya turo miki hotuna uku a waya, na yadda fuskarki za ta iya komawa. Na farko an miƙar da shi kawai, hancinmu ne yana nan da faɗinsa. Na biyu an ɗan tsuke gefe da gefe. Na uku siriri ne mai tsini, irin na dangin mamanku. Mamanku ko numfashi ba ta ja ba ta dangwala yatsa a kan na uku. Yayanki Nura ya ce na tsakiya. Kika miƙo mini wayar, na ce zan yi tunani, na tashi na fita kamar an kira salla.

Ga abin da ya fitar da ni. Na duba hoto na ukun, na cire tabarau na goge na sake dubawa, ban ga kaina ba, ban ga mahaifiyata ba. Na ga wata kyakkyawar yarinya wadda da zan haɗu da ita a hanya sai dai in amsa gaisuwarta in wuce. Tsoro ya kama ni, Uwata, tsoron in tsaya a filin jirgi ranar dawowarki ina leƙen fuskokin mutane, 'yata ta wuce ta gabana ban sani ba. Amsar da kike jira tana cikin takardar nan, amma sai kin yi haƙuri kin bi ta kan shirmen da na tafka a kan hancin nan tukuna, don ba ke kika fara fama da shi ba.

Lokacin da nake neman mamanku, ko shago ba ni da shi, tebur ne da 'yar laima. Na hango ta a wani biki a Tirwun, a hannun kakarta take, Nenne, wadda kika ɗan riska kafin ta rasu. Da aka kai magana, Nenne ta ce a kawo hoton yaron su gani tukuna. Nan fa hankalina ya tashi. Gida ne na Fulani, kowa hanci har baka, ni kuwa nawa a zaune yake daram a tsakiyar fuska, ya ci wurinsa ya ci na maƙwabta. Na tafi wurin wani mai hoto, bayan ya ɗauka na rage murya na ce ko akwai yadda za a yi. Ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne. A wancan zamanin babu waya mai gyaran fuska, fensir ne mai tsini yake sa wa a jikin fim ɗin, yana ɗan gogawa yana ɗan shafawa. Da hoton ya fito, wallahi ni kaina sai da na so mutumin. Na sa a ambulan na aika.

Ranar da na je gaisuwa, na durƙusa a gaban Nenne, hoton yana hannunta. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton. Ta ce, "Yaro, shi mai hoton bai samu zuwa ba ne ya aiko ka?"

Na ce, "Ni ne, Nenne."

Ta ce, "Kai ne? To, wannan ƙarin a hanya ka samo shi?"

Daga bayan labule na ji dariya ta ƙwace wa wata, har da bugun ƙirji. Mamanku ce. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Abin da ya cece ni, ashe ita ma ta gan ni a wurin bikin, da hancin da komai, kuma da aka kawo hoton sai ta ɗauka wani ne daban yake nemanta, har ta fara cewa ba ta so. Yau ita ce ta zaɓa miki na uku. Na tuna mata, ta ce a fuskar namiji ya yi, a ta mace ya yi yawa. Na bar ta da Allah.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, hotunan da likita ya turo miki fensirin mai hoto ne na wannan zamani. Na'ura ce ta zana, ba wuƙa ba, kuma na'ura ba ta san kaurin fatarki ba. Idan kika zauna da shi, ki ce ya nuna miki mutanen da ya yi wa aikin da hannunsa, kafin da bayan an warke, musamman masu irin fatarmu. Ki gaya masa a danginmu akwai masu fatar da tabo ke yin tudu, ki ba shi labarin kunnen Goggonki da aka huda ya yi ƙullutu. Ki tambaye shi in abin bai fito yadda ake so ba, me ake yi. Duk likitan da ya ji haushin tambaya, ku tattara takardunku ke da Nura ku nemi wani, don shi ya sa na haɗa ku tafiyar.

Shirmena na biyu ya fi na farko, don wannan a kanki na yi shi. Ranar da aka haife ki aka miƙo mini ke, abin da na fara dubawa ke nan. Yana nan, ɗan mitsitsi, amma a baje, babu tantama. Kin san al'adar wankan jariri, a jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a gasa hancin, a shafa man kaɗe, a kama shi da yatsu biyu a ja, wai don ya miƙe. Nenne da kanta ta tare a gidan nan don wannan aiki. Kullum da safe tana ja kina tsala ihu, ni kuwa maimakon in hana, ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa, "A ƙara ja, Nenne, kada a tausaya mata!" Ni nake sayo man, ni nake tambaya ko an ga canji.

Wata safiya mahaifiyata ta zo, Allah Ya ji ƙanta. Ta zauna a kan tabarma tana kallo har aka gama. Sannan ta karɓe ki ta goge miki hawaye, ta ce, "Sule, wannan abin da kuke ja kamar kun kama ɓarawo, da shi na shaƙi iskar duniya har na tsufa, bai taɓa gajiya ba." Kunya ta rufe ni. Hancin kuwa ko gezau bai yi ba, Nenne ta gaji ta koma Tirwun tana cewa ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Da na ga ba zai canza ba sai na mai da shi abin wasa. Kin tuna ina cewa in ni da ke muka shiga ɗaki sai a buɗe taga, don iska ta ishi sauran mutane? Kina dariya, ina jin daɗi, ina ganin wani abu ne namu mu biyu. Har ranar da kika dawo daga makarantar sakandare idonki jawur, kika ce 'yan ajinku sun sa miki suna mai hancin murhu. Ni kuma da azarɓaɓina na tuntsure da dariya, na ce murhun ai shi ke ciyar da gida. Kika dube ni wani irin duba, kika shige ɗaki. Daga ranar kika hana a ambaci hanci a gidan nan, har mura in ta kama mutum sai dai ya ce kansa ke ciwo. Abin ya dame ni, Uwata, har yau in na tuna duban nan sai in ji ba daɗi.

To, ki saurare ni. Yaran nan da suka sa miki suna, yanzu kowace tana can tana fama da abin da ya dame ta, wasu ko sunanki sun manta. Kada ki kwashe su ki shiga da su ɗakin tiyata. Ni ma kada ki shiga da ni, mamanku ma haka. Idan likita ya tambaye ki me kike so, ki faɗa da bakinki, dalla-dalla. Na san tarbiyyar da muka yi miki, babba na magana ki sunkuyar da kai ki ce, "Duk yadda ka gani." Wannan kunyar ki ajiye ta a bakin ƙofar asibiti, in kin fito ki ɗauki abarki. Fuskar taki ce, ke za ki wanke ta kowace asuba.

Yanzu maganar jinya, kuma a nan ba ni da bakin yi wa kowa faɗa. Kin tuna da aka cire mini yanar ido? Likita ya ce kada in sunkuya, kada in yi sujada, in yi salla a kan kujera har sai ya ba ni izini. Na shiga masallacin unguwa, na ga dattawan da suka girme ni nesa ba kusa ba suna kai goshi ƙasa, ni kuma ga ni a kan farar kujerar roba kamar baƙon biki. Girman kai ya ce mini ai ka warke. Na ture kujera na bi sahu, washegari kuma na tafi kasuwa. Idon ya yi ja ya kumbura, aka mai da ni asibiti, na ƙara zaman da ya fi na farko tsawo. Mai sayar da tabarau da ido ɗaya a naɗe, 'yan kasuwa sun samu abin dariya har suka gaji.

Ke kuma taki jinyar ta fi tawa tarko, don hanci yana cikin alwala yana cikin sujada. Hannunki ya saba, kina kurkure baki zai kai ruwa hanci ki shaƙa ki fyace ba tare da kin yi tunani ba. Ki kula! Ba shaƙa ruwa, ba fyacewa, ba dangwala hanci a ƙasa, sai ranar da likita ya ce. Ki yi sallarki a zaune da nuni, addini bai matsa wa mara lafiya ba, na tambaya an tabbatar mini. In atishawa ta zo ki buɗe baki ki bar ta ta fita ta nan. Na ga mamanku tana cusa miki yaji da turaren wuta a akwati, na yi magana ta ce in fita harkar mata. Ki karɓa ki yi godiya, amma ki ba Nura ya ɓoye su har ki warke, don buɗe robar yajin nan kaɗai ya isa ya warware ɗinki. Sannan kada ki yi wa madubi shari'a a kwanakin farko. Za ki kumbura, ƙasan idonki zai yi duhu, za ki ga kamar kin yi dambe an ci ki. An ce sai an yi watanni kafin ainihin hancin ya fito. In kuka ya zo miki ki kira ni, ni na saba ganin fuskoki iri-iri, ba zan tsorata ba.

Na ce na tambaya, to bari ki ji yadda na yi tambayar, don gara ki ji daga bakina. Maimakon in sami Malam Liman a gida mu keɓe, sai murna ta ɗebe ni, ana idar da La'asar na ɗaga murya a gaban kowa na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin gyaran hanci? 'Yata ce za a yi wa a Masar!" Kafin Malam ya buɗe baki majalisa ta kama da wuta. Wani ya ce canza halitta ne, babu ko tantama. Wani ya ce ai hatsari ta yi, magani ne. Wani dattijo ya ce shi dai a tambayar masa ko suna rage kunne. Wanda ya fi kowa zafin cewa haramun ne, shi ne ya biyo ni har ƙofar gida yana raɗa mini in samo masa lambar likitan, wai don wata 'yar ƙanwarsa.

Malam ya ja ni gefe daga baya. Ya fara da yi mini faɗa a kan tallata sirrin 'yata, na kuma karɓa. Sannan ya ce gyara abin da ya karye da buɗe hanyar numfashi babu komai a ciki. Ragewa don ado kuwa malamai sun yi magana mai nauyi a kai, sai dai akwai bambanci tsakanin mai neman burgewa da wanda abu ya daɗe yana ci masa rai, kuma ita mai hancin ta fi kowa sanin inda take. Na kawo miki maganar yadda ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ki yi istihara, ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah. Ki kuma yafe mini, yanzu duk Ɗan Iya an san zancen, ranar da kika dawo mata za su cika gidan nan da sunan sannu da zuwa, idonsu kuwa a wuri ɗaya. Ki riga su, ki ɗaga fuska ki ce, "Ga shi nan, ku gani da kyau," sai ki ga zancen ya mutu. Ke kuma ki koya daga ubanki, in murna ta cika miki ciki ki fara zama ki sha ruwa kafin ki nufi taro.

Saura guda ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Kin san kin taɓa ɓacewa kina ƙarama, amma kullum a gutsure ake ba ki labarin, saboda dokar da kika kafa a gidan nan. Kina 'yar shekara uku ko huɗu, ana jajiberin Salla, na ɗauke ki zuwa Wunti don in sai miki takalmi. Mamanku ta ce kasuwa ta cika in bar ki, na ce ni da nake wuni a cikinta za a gaya wa? Muna shago wani abokina ya zo, muka kama hira, na saki hannunki. Da na waiwayo babu ke.

Uwata, nan take na bazama cikin kasuwa. Na bi layin 'yan atamfa, na bi na 'yan takalma, na shiga 'yan nama ina kiran "Uwata! Uwata!" mutane na kallona suna zaton tsohuwa nake nema. Aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Azahar ta wuce, La'asar ta wuce. Na kasa zuwa gida, don ban san da wane baki zan gaya wa mamanku ba. Na dawo na zauna a ƙofar shago, babban mutum da gemu, ina kuka.

Ashe wata mata ce, matar soja daga barikin Shadawanka, ana ce mata Maman Talatu, ta zo sayayya da tarin 'ya'yanta da na maƙwabta. Kika ga yara kika bi su, ta tura kowa cikin tasi har da ke. Sai da ta isa gida ta zuba abinci ta ga hannu ya yi yawa a kwano. Ta tambaye ki sunanki, kika ce Uwata. Ta ce wane ne babanki, kika ce Baba. Ina ne gidanku, kika ce gida. Daga nan kika fashe da kuka. Ta ɗebo ruwa ta wanke miki fuska, tana gogewa da gefen zaninta, sai ta tsaya cak. Ta taɓa zuwa shagona sayen baƙin gilashi na mijinta, na yi ta gwada mata a fuskata, kowanne na sa sai ya ƙi zama ya ɗare sama, muka yi ta dariya ni da ita. Sau ɗaya tak ta taɓa ganina.

Gab da Magariba na ga mace ta ratso kasuwa da ke a kafaɗa. Tun daga nesa take ɗaga murya da irin Hausarta ta bariki: "Mai gilashi! Mai gilashi, ga kayanka! Ni ban san sunansa ba, ban san gidansa ba, amma wannan hanci, duk Bauchi mutum biyu ne yana da shi!"

Na karɓe ki na ƙanƙame, ina ta zuba mata godiya. Hancin da na sa aka goge a hoto, wanda na tsaya a bakin ƙofa ina cewa a ƙara ja, shi ya ɗauko ki daga Shadawanka ya kawo mini ke har hannu. Da jan Nenne ya yi aiki, ban san inda za mu gan ki ba.

Kin ga dalilin da ya sa na kasa riƙe wayar nan. Da na fara rubutun nan niyyata in roƙe ki, in ce ki zaɓi na farko, ko in ya matsa na biyu, ki bar mini ko ɗan kaɗan ne wanda wani zai gani ya ce wannan 'yar gidan Sule ce. Har na shirya yadda zan jera maganar ta yi miki nauyi. Amma da na zo nan sai na ga ashe jan hancin ne zan sake yi, wancan karon ina cewa a ja, wannan karon ina cewa a bari, duk ni ne dai a bakin ƙofa ina ba da umarni a kan fuskar da ba tawa ba. Yarinyar da ta kasa faɗin sunan ubanta a Shadawanka, yau ita ce za ta tsallaka ƙasashe da harsuna uku a bakinta. Kin san sunanki, kin san gidanku, kin san hanya.

Don haka ga amsata. Ki duba aljihun gefe na jakar hannunki, akwai wani ƙunshi. Likita zai hana ki ɗora tabarau a karan hanci na wani lokaci, ki bi maganarsa, ko da za ki riƙa liƙa shi a goshi da filasta. In ya ba ki izini, ki buɗe ƙunshin. Firam ɗin tabarau ne guda uku, duk na sa musu gilashin idonki. Ɗaya mai faɗin mazaunin hanci irin wanda nake yi miki tun kina firamare, ɗaya matsakaici, ɗaya siriri. Ajiye biron nan na yi na tafi shago na wuni a kansu, ina lanƙwasawa ina gwadawa da hotunan nan, kuma wallahi siririn na fi ɓata wa lokaci, don hannuna bai saba yi wa 'yan gidanmu irinsa ba. Duk wanda ya zauna miki, shi ne zaɓina. Sauran biyun ki bayar sadaka.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar ɗin safe da yamma. Ki ji maganar yayanki ko da ya cika iyayi, shi ma ki sa ido a kansa kada ya ɓace a kasuwannin Masar, don jinin ubansa ne. Ki kira mamanku kullum, ta fi ni ƙarfin hali a baki amma tun shekaranjiya take kuka a kicin tana cewa albasa ce. Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya ba likita basira da sanyin hannu, Ya farkar da ke lafiya. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya tsare mutuncinki a baƙuwar ƙasa, Ya dawo mana da ke kina shaƙar iska da ƙofa biyu. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Ranar dawowarki zan zo Kano da kaina. Zan sa farar babbar riga, in kutsa har gaban kowa a wurin masu tarba, ko za a ture ni ba zan matsa ba. In kin fito kika ga ina ta raba ido ban gane ki ba, kada ranki ya ɓaci, kada ki tsaya jira. Ki duba cikin taron ki nemi hancin. Nawa yana nan inda kika bar shi, duk faɗinsa, kuma duk filin jirgin nan mutum ɗaya ne zai zo da irinsa. Wancan karon naki ne ya kawo ki gida, wannan karon ki bar nawa ya yi aikin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne ɗanki kuma mahaifinki,
Sule mai tabarau.